Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dokokin Raba Wurin Ninkaya da Gansakuka

Wata Alhamis cikin watan Agusta aka kira ni wani otal a Kaduna, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Manajan ya tarye ni tun daga bakin ƙofa, ya ja ni bayan gini ya nuna mini wurin ninkayarsu. Ruwan ya yi kore shar kamar miyar kuka, matakala ta biyu ma ba a hango ta, ga ƙwan kwaɗi ya yi layi a lungu. Ya ce, "Malam, jibi Asabar muna da biki, har an biya. Don Allah ka zuba masa wani abu ya washe kafin gobe." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaushe rabon da a auna ruwan nan?" Ya dubi yaron da ke kula da wurin, yaron ya sunkuyar da kai. Ashe maganin awon ya ƙare tun kafin azumi, ya rubuta a sayo, ba a sayo ba.

Na daɗe a wannan sana'a, kuma ban taɓa ganin ruwan da ya koma kore haka siddan ba. Irin gansakuka kullum yana shiga kwami: iska tana kawo shi, ruwan sama yana kawo shi, kayan wankan mutane suna kawo shi. Abin da ke hana shi kama wuri shi ne kulorin da ruwa mai zagayawa. Ranar da kulorin ya ƙare ba wanda ya sani, ko famfo ya kwana biyu a kashe, gansakuka ta samu gida, kuma a zafin ƙasarmu kwana biyu ko uku sun ishe ta ta rufe kwami. Abin da zan faɗa a nan dokoki ne. Wasunsu don ruwan ya washe, wasunsu don kada a ɗauki gawa.

Ka rufe wurin nan take. Ka sa kwaɗo a ƙofa, in babu ƙofa ka ɗaura igiya ka ajiye mai gadi. Kada ka ce ai kore ne kaɗan, yara su ɗan shiga gefen da ba zurfi. Ruwan da ba a ganin ƙasansa yana ɓoye mutum. A shekarar 2011, a garin Fall River da ke jihar Massachusetts ta Amurka, wata mata ta nutse a wurin ninkaya na gwamnati, gawarta ta kwana biyu a ƙasan ruwa jama'a suna ta wanka a samanta, saboda ruwan ya yi duhun da ba mai iya hango ta. Yaro in ya nutse ba ya ihu, lumewa yake yi shiru, kuma mintuna kaɗan ne tsakaninsa da ajali. Ga santsi kuma: matakalar da gansakuka ta kama tana kayar da babba ya fasa ƙeya. Sannan ka sani cewa inda gansakuka ta rayu, kulorin ya mutu, kuma inda kulorin ya mutu ƙwayoyin gudawa da ciwon kunne da ciwon ido da ƙurajen fata suna nan suna jira. Kada kuma ka rufe ƙofa ka manta da shi har a samu kuɗi. Ruwan da ya kwanta babu magani gidan sauro ne, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba, kuma maƙwabtanka ne za su sha zazzaɓin.

Kafin ka sayi komai, ka gane wane irin kore ne. Ka sa hannu ka shafa bangon kwamin. In ka ji yauƙi, ruwan kuma ya yi kauri ba a ganin ƙasa, gansakuka ce. In ruwan kore ne amma garai yake, kana ganin tayil ɗin ƙasa, bango ba santsi, musamman in launin ya bayyana jim kaɗan bayan an cika kwami da ruwan burtsatse an zuba kulorin, to ƙarfe ne da ya narke a cikin ruwan, baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe. Wannan kada ka ƙara masa kulorin da sunan kisa, ba abin da za ka kashe, sai dai ka ƙara rina shi ka ɓata tayil. Maganinsa daban ne, mai kama ƙarfe, sai tacewa. Na ga wanda ya ƙarar da bokiti guda na kulorin a kan ruwan burtsatse yana mamakin yadda kullum yake ƙara komawa ruwan ƙasa.

Ita ma gansakukar iri-iri ce. Koriyar da ke yawo a cikin ruwa ita ta fi yawa, ita ce kuma mafi sauƙin kisa. Akwai mai ruwan ɗorawa da ke maƙalewa a bangon da rana ba ta bugu, kamar an watsa gari. Ka goge ta yau, gobe ta dawo daidai inda take. Akwai baƙa, ɗigo-ɗigo a tsakanin tayil, mai kafewa cikin siminti da wani ɓawo a kanta da ke kare ta daga magani. Waɗannan biyun sun fi taurin kai, sai ka ƙara ƙarfin magani da yawan guga.

Kada ka yi saurin zubar da ruwan gaba ɗaya. Shi ne abin da ke fara zuwa ran kowa, kuma yawanci kuskure ne. Kwamin da aka kwashe tas a tsakiyar damina, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya tura shi sama ya tsage, don nauyin ruwan cikinsa ne ke danne shi. A bazara kuma rana tana gasa tayil ya ɗaɗɗago. Bayan haka, irin gansakukar yana nan cikin bututu da yashin matata, sabon ruwa na shiga zai koma cikinsa. In dole sai an rage, a rage kashi ɗaya cikin uku ko rabi. Kuma kada ka saki ruwa mai magani a layin unguwa, ko a lambu, ko inda zai gangara kwamin kifin wani. Kulorin ɗin da mutum ke wanka a ciki lafiya lau yana kashe kifi.

Ka kwashe datti da raga kafin magani ya taɓa ruwa. Ganyen dogon yaro, ganyen mangwaro, leda, mataccen ƙadangare, duk abin da ya kwanta a ƙasa, ko ba ka ganinsa ka bi da ragar kana lalube. Duk ganyen da ka bari zai cinye kulorin ɗin da ka saya don gansakuka. Ka buɗe kwandon bakin ruwa da kwandon famfo ka zazzage su. Ka tayar da famfo ka tsaya ka ga ruwa na fita da ƙarfi daga bakunan bango. In famfo ya lalace, gyaransa ne aikin farko. Magani a ruwan da ba ya motsi asarar kuɗi ne.

Ka san yawan ruwan da ke kwaminka. Abin kunya ne a tambayi mai wuri lita nawa ruwansa ya ce "yana da dai yawa". Ka ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da matsakaicin zurfi da mita, ka ninka su. Kwami mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, matsakaicin zurfin mita 1.5, ya ɗauki lita 75,000. Ka rubuta adadin da fenti a bangon ɗakin famfo, don duk wanda ya gaje ka ya gani. Kowane awo na magani daga wannan lamba yake tashi.

Kada ka auna ruwa da ido, kada ka auna shi da hanci. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba. Warin da ke bugun hanci a bakin wasu wuraren ninkaya, wanda mutane ke cewa "an zuba magani da yawa", warin kulorin ne da ya gama haɗuwa da gumi da fitsari ya gaji, alamar maganin ya yi kaɗan ke nan. Ka sayi kayan awo na gaske, mai ɗigon ruwa, ka ajiye shi a inuwa, ka duba ranar lalacewarsa. Ka ɗebi ruwan awo daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bakin da ruwa ke fitowa.

Abin da za ka fara aunawa shi ne pH, wato ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, kuma shi za ka fara gyarawa. Dalili kuwa, kulorin yana da kaifi ne gwargwadon inda pH yake. A 7.2 kusan kashi biyu cikin uku nasa na aiki da cikakken ƙarfi, a 7.5 kusan rabi, a 8 bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Gansakuka kuma tana tura pH sama da kanta in rana ta yi. Don haka ka sauko da shi wajen 7.2 da asid, kaɗan-kaɗan, famfo na aiki, ka jira 'yan sa'o'i ka sake aunawa. Kada ka bari sai bayan ka zuba kulorin mai yawa sannan ka auna pH, don kulorin in ya haura miligiram 10 a kowace lita yana rikita launin awon ya nuna maka lambar ƙarya.

Yanzu ga inda mafi yawan masu wuraren ninkaya ke faɗuwa ba su sani ba. Rana tana cin kulorin. A tsakar rana irin tamu, cikin sa'o'i biyu zuwa uku mafi yawansa ya tafi in ba shi da garkuwa. Garkuwar wani sinadari ne da ake kira asid ɗin sayanurik, wanda masu shago ke cewa sitabilaiza. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, tsakanin miligiram 30 zuwa 50 a kowace lita. Amma farar ƙwayar nan mai faɗin tafin hannu da ake jefawa a kwando, mai narkewa a hankali, tana ɗauke da shi a jikinta. Duk kulorin 10 da ta ba ruwa, tana barin sayanurik wajen 6, kuma shi ba ya tashi da rana, ba ya fita ta matata, taruwa yake yi wata bayan wata. In ya kai 100, kulorin yana nan a awo amma hannunsa a ɗaure yake. Shi ya sa za ka ji mutum na rantsuwa kullum sai ya sa ƙwaya amma ruwa na ta yin kore. Ka auna sayanurik. In ya yi yawa, ba maganin da zai sauke shi sai rage ruwa a ƙara sabo. Kuma kada ka yi yaƙin gansakuka da wannan ƙwaya, don ba ta da saurin da ake buƙata, kuma tana ƙara maka cutar da kake gudu.

Ka yi yaƙin da garin kulorin, wanda aka fi sani da HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, ko da kulorin na ruwa. Ga lissafin. A kwamin nan mai lita 75,000, kana buƙatar kusan kilo 1.2 na gari mai kashi 65 don ka ɗaga kulorin da miligiram 10 a kowace lita. Matakin da za ka kai shi ya dogara da sayanurik: kusan kashi 40 cikin 100 na adadinsa. In sayanurik 30 ne, ka kai kulorin 12. In 50 ne, ka kai shi 20. Bilicin wanki na gida ma kulorin ne, sai dai mai rauni. Mai kashi 3.5 sai ka zuba sama da lita 20 kafin ka samu abin da kilo 1.2 na gari zai ba ka, kuma mai turare ko mai kumfa kada ya kusanci kwaminka.

Ka zuba da yamma, bayan rana ta faɗi, don dare ya ba maganin sarari. Ka cika bokitin roba mai tsabta da ruwa tukuna, sannan ka zuba garin a cikin ruwan, kaɗan-kaɗan, kana motsawa da sanda, iska na bayanka. Ka bi gefen kwami kana tsiyayawa. Kada ka watsa gari kai tsaye ya kwanta a ƙasa, yana cin tsakanin tayil, in kwamin na leda ne ya ƙone ta.

Kada ka zuba sau ɗaya ka tafi ka kwanta kana jiran abin al'ajabi. Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa. Kulorin yana ƙarewa ne a wajen kisa. Ka kai shi 15 da magariba, kafin sha biyun dare ya iya komawa 3, sauran gansakukar da ta tsira ta ci gaba da haihuwa, da safe ka tarar da kore ka ce maganin jabu ne. Ka auna bayan kowace sa'a biyu ko uku a rana ta farko, ka mayar da shi matakinsa duk lokacin da ya sauka, ka riƙe shi a nan har yaƙi ya ƙare. In ka ɗiga maganin awo ka ga ja ya bayyana ya ɓace nan da nan, ba rashin kulorin ba ne, yawansa ne ya wanke launin. Ka gauraya ruwan awon rabi da rabi da ruwan gora, ka auna, ka ninka sakamakon biyu.

A kan abin da zan faɗa yanzu ba ni da sassauci ko kaɗan. Kada ka taɓa haɗa magani biyu a bokiti ɗaya, ko da ludayi ɗaya, ko a kwando ɗaya. Garin HTH da farar ƙwaya duka sunansu kulorin, amma in suka haɗu da ɗan danshi zafi suke ɗauka, su yi hayaƙi, su kama wuta ko su fashe. Asid da kulorin kuwa in suka haɗu suna sakin iskar kulorin, irin wadda aka saki kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a shekarar 1915, lokacin yaƙin duniya na farko. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka tana kwanciya ne a ɗakin famfo, wanda galibi rami ne mara taga.

Na taɓa tsintar wani yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai a bakin irin wannan ɗaki, ya durƙusa yana tari kamar ƙirjinsa zai fita, idanunsa sun yi jawur suna zubar da ruwa, leɓensa ya fara canja launi. Ya zuba asid ne a bokitin da ya narkar da gari da safe bai ɗauraye ba. Ina tallabe shi yana cewa, "Oga, ban sani ba, wallahi ba wanda ya gaya mini." Gaskiya ya faɗa. An ɗauke shi aiki ne a matsayin mai shara, aka miƙa masa makullin ɗakin magani, ba safar hannu, ba tabarau, ba takunkumi, ba bayani. Ya kwana uku a asibiti. Kai mai wuri, wannan nauyi a wuyanka yake. Ka saya wa yaronka safar roba da tabarau mai rufe ido da takalmin roba. Ka ware wa kowane magani bokitinsa da ludayinsa, ka rubuta suna a jiki da manyan baƙaƙe. Ka bar tazarar sa'o'i tsakanin zuba asid da zuba kulorin, famfo na gudu. Magani ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu minti 15 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti. In an shaƙa, a fitar da mutum sarari, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, don huhu na iya cika da ruwa bayan sa'o'i. Kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Kada ka ajiye garin kulorin a ɗaki ɗaya da janareta, ko jarkar fetur, ko baƙin mai, ko takin zamani. Garin da ya taɓa mai yana iya tayar da gobara ba tare da ashana ba. Ka ɗora shi a kan katako, a inuwa, inda ruwa ba ya ɗiga, murfi a rufe gam, asid kuma can wani ɗakin.

Kada ka zuba abin da ba ka san yadda yake zama da kulorin ba, ko da wa ya ba ka shawara. A gasar Olamfik ta 2016 a birnin Rio na ƙasar Brazil, ruwan wurin tsalle na cibiyar Maria Lenk ya koma kore duniya na kallo a talabijin. Masu shirya gasar suka bayyana cewa an zuba lita 80 na sinadarin haidurojin feroksaid a kwamin, wanda shi ma maganin tsabtace ruwa ne a karan kansa, amma yana kashe ƙarfin kulorin. Kwamin da ke kusa da shi sai da aka kwashe ruwansa aka sake sabo kafin a ci gaba da wasa. In haka ta faru a inda ƙwararru suka taru, ka yi tunanin abin da zai faru da kai da ka karɓi farin gari a leda mara suna daga hannun ɗan kasuwa.

Ka goge bango da ƙasa kullum, safe da yamma, tun daga daren farko. Gansakuka tana lulluɓe kanta da yauƙi, kuma magani ba ya ratsa yauƙin sai buroshi ya yaga shi. Ka bi bayan tsani, ƙarƙashin matakala, kewayen fitila, bakin kwando, duk lungun da ruwa ba ya zagawa. Baƙar gansakuka sai buroshin waya, amma a kan siminti kawai. Kwamin leda ko na faiba buroshin roba ne nasa. Ragar da sandar da tiyo da balan-balan ɗin yara, duk abin da ya taɓa koren ruwan, ka jiƙa shi a ruwan kulorin, in ba haka ba da hannunka za ka mayar da irin.

Ka bar famfo ya yi ta aiki dare da rana har ruwa ya washe. Na san abin da man janareta yake ci. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kana karɓar kuɗin shiga, man kwana uku ko huɗu yana cikin aikin. Kulorin kisa kawai yake yi, matata ce ke kwashe gawar. Za ka ga ruwan ya tashi daga kore zuwa toka-toka, daga nan ya yi fari kamar an zuba nono. Wannan alamar nasara ce, kada ka karaya a nan. Ka riƙa duba agogon matsi da ke kan matata. In ya haura inda yake tsayawa lokacin da yashi ke da tsabta da kamar 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, ka yi bakwash, wato ka juya ruwa ya wanke yashin ya fita waje, har ka ga ruwan da ke fita ya yi garai, ka ɗauraye, sannan ka mayar. A kwanakin farko za ka iya yi sau biyu ko uku a yini. Kada ka taɓa murɗa hannun bawul famfo na gudu. Ka kashe, ka murɗa, ka tayar. In yashin ya shekara biyar ba a canja ba, ko ya dunƙule kamar dutse, ka canja shi. Kuma kada kowa ya sa ƙafa a ruwa alhali an jefa famfon tsotsa mai wayar da aka ɗaure da leda.

In kana gaggawa, alif zai taimake ka, wannan dai alif ɗin da iyayenmu ke jefawa a randa in ruwan rafi ya yi laka. Amma da sharaɗi. Sai bayan gansakuka ta mutu, don alif ba ya kashe komai, tattara ƙura kawai yake yi ya kwantar da ita. Ka narkar da shi, ka zagaya da ruwan sa'a biyu ba ta cikin yashi ba, ka kashe famfo, ka bar shi ya kwana ba mai taɓawa. Da safe za ka ga laka ta shimfiɗu a ƙasa kamar auduga. Ka zuƙe ta a hankali, kamar mai tafiya kan ƙwai, ta hanyar da ke zubar da ruwa waje kai tsaye. In ka bi da ita ta matata za ta toshe yashin ta dawo maka cikin kwami. Za ka yi asarar ruwa, ka tanadi na cikawa, ka kuma sake auna pH don alif yana sauke shi.

Kada ka dogara da shuɗin ruwan nan da ake sayarwa da sunan maganin gansakuka. Yana da amfani wajen tsaro in ruwa na da lafiya, amma ba ya fitar da kwamin da ya riga ya yi kore. Mai jan ƙarfe a ciki, in ya yi yawa, yana rina tayil da farin gashi; mai araha kuma kumfa yake tayarwa.

Kada ka buɗe wa jama'a don kawai ruwa ya yi kyau a ido. Sharuɗɗa uku ne. Ka tsaya a baki ka ga magudanar da ke can ƙasa a wuri mafi zurfi, har ka iya ƙirga ramukanta. Ka auna kulorin bayan magariba, ka sake aunawa da asuba kafin rana ta fito, ba tare da ka ƙara komai ba. In ya ragu da fiye da 1, akwai sauran abu mai rai a ciki, ka ci gaba. In ya tsaya, ka daina zubawa ka bar rana ta sauko da shi ƙasa da 5, pH kuma ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Sai a cire kwaɗo.

Daga nan kuma awo sau biyu a yini, safe da la'asar, a rubuta a littafi da sa hannun wanda ya auna, kai kuma mai wuri ka riƙa buɗe littafin. Kada kulorin ya taɓa sauka ƙasa da 1, in akwai sayanurik kada ya gaza 2 zuwa 3. Bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, da bayan kowace ranar da yara suka cika wurin, kamar ranakun Sallah, a auna a ƙara a daren. Kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga, mai gudawa kada ya shiga sam. Mai ba fulawa taki ya yi nesa da bakin kwami. Kada kuma ka saki jiki da hunturu don sanyi ya kore masu wanka. Ƙurar da ke rufe mana sama a watan Disamba da Janairu, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki, kuma tana ɗauke da sinadarin fosfaras, abincin da gansakuka ta fi so. Tana kwanciya a kwami duk tsawon sanyi, ranar da zafin Maris ya sauka ta samu ruwa mai ɗumi da abinci a ajiye.

Otal ɗin nan na Kaduna, an yi bikinsu ranar Asabar da igiya zagaye da ruwa da mai gadi a zaune a kan kujera. Manajan bai ji daɗina ba a ranar. Ruwan ya koma fari-fari ranar Lahadi, muka ga magudanar ƙasa ranar Talata da hantsi, awon dare ya tsaya daren Laraba. Kafin in karɓi kuɗina na sa aka kawo kayan awo sabo da safar hannu da tabarau, na miƙa wa yaron da ke kula da wurin a gaban manajan, muka zauna a bakin ɗakin famfo na sa shi ya auna ruwan da hannunsa sau uku, ya rubuta lambobin a shafin farko na littafin.